Ginin Katako na Haɗe-Haɗe: Lissafin Kabon da na Kuɗi

Ginin katako na haɗe-haɗe, wato wanda ake ƙera bangayensa ko ɗakunansa a masana'anta sannan a kwaso su a harhaɗa a fili, ya ƙara samun gindin zama a Turai bayan da Gerhard Schickhofer ya kammala kundin digirinsa na uku a Jami'ar Fasaha ta Graz, a Ostiriya, a 1994, a kan katakon da ake mannawa falle bisa falle, kowanne a gicciye da na ƙasansa, har ya iya ɗaukar nauyin bene. Da wannan katako da danginsa aka gina Mjøstårnet a Norway a 2019, mai tsayin mita 85.4.

Babban abin da ya ingiza wannan sauyi shi ne siminti, wanda sarrafa shi ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, alhali kusan rabin nauyin busasshen katako kabon ne da bishiya ta zuƙo daga sama ta adana. Sai dai a nan ne masu bincike suka fi shan wahala, domin ribar ta rataya ne a kan iyakar da aka shata wa lissafin: idan dajin da aka sare bai sake tsirowa ba, ko kuma aka ƙone katakon bayan rushe ginin, to kabon ɗin jinkirta fitarsa kawai aka yi. Dokar gine-gine ta Faransa, RE2020, wadda ta fara aiki a 2022, ta ba wannan jinkiri daraja a lissafinta, kuma ta yi daidai, muddin ana sa ido kan dazuzzukan.

Batun kuɗi ya fi tsauri. Aiki a fili yana raguwa, ɓarnar kaya ma haka, amma masana'anta tana cin albashi da kuɗin injuna ko da babu kwangila, abin da ya taimaka wajen durƙusar da kamfanin Katerra na Amurka a 2021 duk da jarin fiye da dala biliyan ɗaya da aka zuba masa. A Ingila kuwa, haramcin 2018 kan kayan da ke kamawa da wuta a bangon waje na gidajen da suka haura mita 18, wanda ya biyo bayan gobarar dogon benen Grenfell, ya ƙuntata kasuwar katako a dogayen benaye.