Wasan harbi

Wasan harbi wasa ne da ake gwada iya saiti a cikinsa, inda maharbi ke auna wani abu da aka kafa ko aka cilla sama, ya harbe shi da bindiga ko kibiya. Ana yin sa a matsayin gasa mai alƙalai, ana kuma yin sa don nishaɗi kawai, inda abokai ke haɗuwa a fili ranar hutu su yi ta harbi bi da bi. Ya bambanta da farauta domin ba a kashe dabba a cikinsa.

Tarihi

A Ingila, a ƙarni na 19, tantabaru masu rai ake saki daga akwati ana harbinsu a sama. Daga baya aka koma cilla ƙwallayen gilashi, har zuwa shekarar 1880 da George Ligowsky, mutumin Cincinnati a Amurka, ya ƙirƙiro faifan yumɓu. Ingila ta haramta gasar harbin tantabaru masu rai a 1921, amma har yau Turawa na kiran faifan da suna tantabarar yumɓu.

Harbi na cikin wasannin gasar Olamfik ta zamani ta farko da aka yi a Atina a 1896. A gasar Paris ta 1900 an harbi tantabaru masu rai, ba a kuma sake yin haka ba. An kafa hukumar wasan ta duniya, ISSF, a 1907, kuma hedikwatarta na Munich a Jamus.

Ire-irensa

Akwai harbin allo, wanda ake kafa takarda mai zagaye-zagaye, tsakiyarta ce mai maki mafi yawa. Da bindigar iska ana harbi daga nisan mita 10.

Akwai kuma harbin faifai. Faifan gasa faɗinsa milimita 110 ne, nauyinsa giram 105. Duk da sunansa, yawanci da garin dutsen farar ƙasa da kwalta ake yin sa, don ya jure cillawa amma ya tarwatse da zarar an same shi. Ana harbinsa da bindigar farauta mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma. A nau'in tiraf, na'ura na cilla faifan ya yi gaba, yana nisantar maharbi. A nau'in sikit, wanda ya shiga Olamfik a 1968, faifai na fitowa daga ɗakuna biyu, dama da hagu, yana gittawa ta gaban maharbi. Zagaye ɗaya faifai 25 ne. Sirrin wasan shi ne maharbi ba ya auna inda faifan yake, sai inda zai kai, domin kafin ƙwayoyin su isa ya riga ya gusa.

A ƙasar Hausa

Hausawa sun daɗe da sanin gwajin saiti, ko da yake ba su ware shi daga sana'a ba. Yaro kan fara da danƙo yana harbin gwangwani ko 'ya'yan itace, ɗan maharbi kuma ya koyi baka da kibiya a wajen mahaifinsa kafin a ba shi adaka, wato bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki. Shugaban maharba a garuruwa da yawa shi ne Sarkin Baka. A hawan Sallah kuma 'yan bindigar sarki na harba albarushi sama don girmamawa.

Malaman Musulunci na lissafa harbi cikin wasannin da aka halatta gasa a kansu, tare da tseren dawaki da na raƙuma. Sun kuma hana a ɗaure abu mai rai a mai da shi abin gwada saiti.

Dutsin-Ma da Kurfi

A waɗannan ƙananan hukumomi biyu na tsakiyar Jihar Katsina, abin da ya fi kusa da ranar harbi ta taron jama'a shi ne farautar rani. Bayan an kawar da amfanin gona, mafarauta daga ƙauyuka daban-daban kan sa rana su fita tare da karnuka da gora da adaka, ana kiɗa ana kirari. Nama ba shi ne kaɗai abin nema ba, har da zumunci da nuna bajinta.

Matsalar tsaro ta rage wannan al'ada ƙwarai. Dajin Rugu da ke yamma, wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa, ya zama maɓoyar ɓarayin daji. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Maharba da dama sun koma aikin sintiri, kuma a Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. Kalmar 'yan bindiga ma ta sauya ma'ana: a da dakarun fada ake nufi, yanzu maharan daji. A irin wannan yanayi ƙarar bindiga kusa da gari na iya tayar da hankalin jama'a, ko ta sa jami'an tsaro su ɗauka hari ne.

Doka

Dokar mallakar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Makaman yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta da ta iska sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Adaka kuwa tana ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi.

Ka'idojin kariya

Ana ɗaukar kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, ba a kuma nuna mutum da ita ko da wasa. Yatsa ba ya taɓa kunama sai an shirya harbi. Dole a san abin da ke bayan abin da ake auna, domin harsashin da ya kuskure ba ya tsayawa. Ana toshe kunne saboda ƙarar bindiga na kurmantarwa a hankali, ana kuma sa tabarau don kare ido. Adaka na da nata haɗarin: idan albarushi ya yi yawa ko bututun ya yi tsatsa, tana iya fashewa a hannun mai ita.