Haƙƙin Mallaka da Kafa Hujja: Abin da Sabbin Marubutan Wikipedia ke Fuskanta a Zamfara

Wikipedia, kundin ilimi na intanet da aka kafa a shekarar 2001 wanda kowa ke iya gyarawa, tana da sashen Hausa da marubutansa suka ƙaru a 'yan shekarun nan saboda yaɗuwar manyan wayoyi da kuma tarukan horaswa da ƙungiyar Hausa Wikimedians ke shiryawa. Matashin da ya shigo daga Gusau, ko ɗalibin Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2013, yakan so ya fara da rubutu a kan garinsu, kuma a nan ne yake cin karo da dokoki biyu da suke matse shi ta ɓangarori biyu.

Ta farko ita ce kafa hujja, wato kowane bayani ya jingina da madogarar da aka wallafa, kamar littafi ko jarida ko mujallar bincike, ta yadda mai karatu zai iya komawa ya tantance. Ta biyu ita ce haƙƙin mallaka: duk abin da aka ɗora yana fita ne ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, wanda ya ba kowa damar kwafa da sauyawa har da sayarwa muddin ya ambaci mai aikin kuma ya bar wa wasu irin wannan dama, don haka ba a karɓar rubutun da mai ɗorawa ba shi da ikon bayar da shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutaccen aiki har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, ke nan littattafan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, ba za su zama na kowa ba sai bayan 2051.

Dokokin biyu ba ɗaya suke ba wajen wahalar koyo, dalilin kuwa yana cikin tarbiyyar karatu. Wanda ya zauna a zauren malamai ya san isnadi, wato jerin waɗanda aka karɓo magana daga bakinsu, ya kuma saba da tambayar "in ji wa?", saboda haka buƙatar madogara ba baƙuwa ba ce gare shi. Haramcin kwafi shi ne baƙo, domin a al'adar ilimin ƙasar Hausa juyar littafi da hannu aikin lada ne, sannan makarantun boko sun ƙara cusa haddar takardun darasi, ga kuma WhatsApp inda hoto ke yawo ba a tambayar wanda ya ɗauka. Sabon marubuci yakan kwafo sakin layi daga shafin BBC Hausa ya saka mahaɗinsa a ƙasa, yana ganin ya sauke nauyi, sai ya wayi gari an goge.

Matsalar ta fi tsanani inda rubutattun madogarai suka yi ƙaranci. 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe tsohuwar cibiyar malamai ce tun kafin jihadi, Kwatarkwashi da ke ƙasar Bungudu kuma ta shahara da dutsenta da bukukuwanta na gargajiya, amma akasarin abin da aka sani game da su yana bakin dattawa da makaɗan fada, ko cikin kundayen digiri da ba a wallafa ba; littafin Kurt Krieger na tarihin Zamfara na 1959 kuwa da Jamusanci aka rubuta shi. Abin da ake samu cikin sauƙi shi ne rahotannin jaridu, su kuma hare-haren 'yan bindiga suka fi ɗauka, shi ya sa bin doka sau da ƙafa kan iya haifar da maƙalar da ta tattara masifun gari ta bar tarihinsa. Wasu sukan kauce ta hanyar fassaro maƙalun Turanci tare da madogaransu, hanyar da ke ƙara yawan shafuka ba tare da kawo sabon sani game da Zamfara ba.

Duk da haka, wanda ya jure gogewar farko yakan fita da ƙwarewar da yawancin azuzuwa ba sa bayarwa, wato karanta madogara ya rufe ta ya faɗi ma'anarta da kalmominsa. A fannin hoto kuwa dokar haƙƙin mallaka ta fi sauƙi, domin hoton dutsen Kwatarkwashi ko na tashar jirgin ƙasa ta Gusau da mutum ya ɗauka da wayarsa mallakinsa ne, kuma yana da ikon ɗora shi a Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotunan da Wikipedia ke amfani da ita, ba tare da neman izinin kowa ba.