Wasan Kwaikwayo ta Intanet a Darasin Tarihin Adar

Koyar da tarihi ta hanyar kwaikwayo ita ce a raba wa ɗalibai matsayin mutanen da suka rayu a wani zamani, kowa ya kare muradinsa da hujjojin wancan lokaci. Farfesa Mark Carnes ya shahara da wannan dabara a Kwalejin Barnard ta Amurka. Ga Bahaushe kuwa abin ba baƙo ba ne, domin a wasan kara matasa kan kwaikwayi sarakuna da mahukunta.

Yankin Madawa, Buza da Keita na da abin da ya dace da irin wannan darasi, wato shata iyaka. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato. A kan takarda, Ƙonni da Madawa suka faɗa ɓangaren Ingila, Tawa kuma ɓangaren Faransa. Wannan ya tilasta wa Faransawa bin hanya mai ƙarancin ruwa zuwa Damagaram, shi ya sa suka nemi gyara, aka sake shata iyakar a 1904 da 1906.

Malami zai iya raba aji rukuni-rukuni a WhatsApp: wakilan Ingila, wakilan Faransa, fadar Sarkin Musulmi, Sarkin Adar na Illela, Buzayen Kel Geres, fatake da manoma. Kowane rukuni zai karanta abin da ya shafe shi, misali a binciken Djibo Hamani kan Adar kafin zuwan Turawa, sannan ya aiko da jawabinsa ta saƙon murya. Da yake saƙon murya ba ya buƙatar intanet mai ƙarfi, ɗalibin Buza zai iya muhawara da na Yamai.

Ɗalibin ilimin harsuna yana da riba ta musamman. Dole ya zaɓi karin harshe, Adaranci ko Sakkwatanci, ya bambanta maganar fada da ta kasuwa, ya kuma lura da ikon tafinta tsakanin Hausa, Tamashek da Faransanci.

Sai dai wasan zai iya ɓatar da ɗalibi idan ya ɗauka cewa 'yan ƙasa sun zauna a teburin shawara, alhali a Paris da Landan aka yanke hukunci ba da saninsu ba. Haka kuma batun bauta da yaƙe-yaƙe ya shafi zuriyar da ke raye. Saboda haka wajibi ne malami ya rufe wasan da tattaunawa, a tantance abin da ya faru da abin da aka ƙaga.