Siffa da Hotonta: Darasin Lissafi a Teburin Ma'aikaci

Duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe hatimin ofis ya san haruffan jikinsa a birkice suke, sai an buga shi a takarda sa'an nan su karantu. Wannan misali ne na abin da masana lissafi ke kira sauya siffa, wato a bi da siffa ta wata ƙa'ida, abin da ya fito kuma a kira shi hotonta.

Iri huɗu ne aka fi koyarwa a makarantun sakandare. Na farko shi ne gusarwa, kamar yadda mai ɗinkin hula ke maimaita zane ɗaya a jere. Na biyu birkitawa, irin ta hatimi da madubi, inda dama ke komawa hagu. Na uku juyawa, kamar dogon hannun agogo da ke cin digiri 90 cikin minti 15. Waɗannan uku ba su taɓa tsawon gefe ko girman kusurwa.

Na huɗu, wato ƙara girma ko ragewa, nan ne ake yawan tuntuɓe. Kusurwoyi suna nan yadda suke, amma tsawo yana canjawa, girman fili kuwa ya fi shi canjawa. Fili mai mita 15 da mita 30 murabba'in mita 450 ne. In aka ninka kowane gefe sau biyu, sai ya zama 1,800, wato ninki huɗu ke nan, ba biyu ba.

Taswira ma hoton ƙasa ce da aka rage. A ma'aunin 1:50,000, santimita ɗaya na nufin mita 500, murabba'in santimita ɗaya kuwa hekta 25. Jami'in filaye da ya manta da wannan wajen lissafin diyya yana iya tauye haƙƙin manomi ko ya jawo wa gwamnati asara.

A shekarar 1872 wani masani Bajamushe, Felix Klein, ya bayyana a Jami'ar Erlangen cewa ilimin siffofi shi ne nazarin abin da ba ya canjawa bayan an sauya siffa. To, ɗalibi a ɗakin jarrabawa da ma'aikaci a gaban taswira, tambaya guda ce ta kamata su fara yi: me ya canja, me ya tsaya?