Masaukin Baƙi a Yankin Kura da Bunkure: Me Ya Hana Harkar Tsayuwa?

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da hunturu, daga Kura har Kadawa, zai ga kore shar a lokacin da ko'ina ya bushe. Ruwan Tiga ne, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ake korowa ta kwalbatoci da magudanai zuwa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. Kimanin hekta 22,000 aka tsara wa kashin farko na wannan aikin ban-ruwa, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ga hanyoyin burji a gefen magudanan ruwa, ga belbela da zalɓe da kirinjijiya a fadamun shinkafa, ga tsuntsayen da ke gudowa daga sanyin Turai. A wasu ƙasashe irin wannan wuri ne ake gina ƙananan masaukai, baƙo ya kwana biyu ko uku yana yawo a ƙafa ko a keke. A nan kuwa harkar baya ta yi.

Ba rashin tunani ba ne tun farko. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka kuma yi Rock Castle a Tiga, domin mutanen birni da Turawan kamfanoni su riƙa zuwa hutun ƙarshen mako. Yau harabar Bagauda ta zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, Rock Castle kuwa ya shafe shekaru cikin rashin kulawa.

Dalilin da aka fi ambata shi ne tsaro, kuma gaskiya ne. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012 a Kano, 'yan ƙasashen waje da yawa sun tattara nasu-ya-nasu, dajin Falgore da ake zuwa kallon namun dawa ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu. Amma a ganina ciwon ya girmi wannan. Otal-otal ɗin na gwamnati ne, manya ne, kuma an gina su suna kallon tafki, sun juya wa gonaki baya. Manomin Bunkure ba shi da ko sisi a cikinsu, don haka da suka durƙushe babu wanda ya yi kuka a ƙauye.

Akwai kuma al'ada. Baƙon Bahaushe ba ya biyan kuɗin kwana a ƙauye. Gidan mai gari ko zauren wani dattijo zai sauka, a kawo masa fura da tuwo. Wanda ya ce zai karɓi kuɗin shimfiɗa sai a yi masa kallon marowaci. Keke kuma a nan na ɗaukar buhun taki ne, ba na shan iska ba. Mutum ya bar mota ya kama tafiya a kan kunya da tabarau mai hangen nesa, tambayar farko da za a yi masa ita ce, “Malam, lafiya?”

Tsuntsun ma da baƙo zai biya ya kalla, wani abokin gabar manomi ne. Jan-baki idan ya sauka a shinkafa ko alkama ba ya barin komai, shi ya sa yara ke wuni suna kaɗa gwangwani, gwamnati kuma ta yi feshi ta jirgin sama. Maganin feshi bai san jan-baki da zalɓe ba. Kacalla da ta toshe magudanai ita ce mafakar tsuntsayen ruwa, amma manomi so yake a tumɓuke ta, kuma ba a ga laifinsa ba.

Sakamakon a fili yake. Baƙin yankin duk 'yan wuni ne: dillalan tumatir a Kwanar Gafan, masu sarin shinkafa a Kura, ɗaliban noma da ke leƙa tashar bincike ta Kadawa. Kafin magariba sun koma birni da kuɗin kwanansu da na abincinsu. Marinan Kura, waɗanda turkuɗinsu ya kai har ƙasar Buzaye, ba su da mai zuwa ya ga aikin hannunsu ya saya a wurin. Sai kuma dogaro da amfani ɗaya: a 2016, shekarar da aka buɗe kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa, tsutsa ta cinye tumatirin yankin, kuma babu wata ƙofar samu da iyalai za su jingina da ita.

Kada a ruɗi kai, ɗakunan baƙi ba za su maye gurbin shinkafa ba. Idan harkar za ta farfaɗo, ba da wani katafaren otal ba ne, kuma ba Bature za a jira ba. Ɗakuna huɗu ko biyar a hannun ƙungiyar masu amfani da ruwa, da kekunan haya, da saurayin gari da ya san sunan kowane tsuntsu, sun ishi makarantun Kano da ma'aikatan da hayaniyar birni ta gundura, tun da tafiyar ba ta kai awa guda ba.