Kuɗi ta salula: darasin da ƙauyukan Tahoua suka bayar tun 2010

Duk ɗan ci-ranin da ke aiko kuɗi gida daga Abidjan, Kwatano ko Libiya ya san tambayar da ke biyo baya: wa zai je ya karɓo? Idan tsohuwa tana ƙauye, sai an tashi yaro, an biya kabu-kabu zuwa gari, an bi layi a ofishin aika kuɗi. Kafin saƙon ya shiga hannunta, an ci wani abu a hanya, yini kuma ya tafi.

Wannan wahalar ce aika kuɗi ta salula ya zo ragewa. A Kenya, kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa a 2007. Mutum ya bai wa wakili tsabar kuɗi, a zuba masa su cikin layinsa, ya tura wa wani, shi kuma ya cire wajen wakilin da ke kusa da shi. Ba a bukatar asusun banki.

A Nijar ma an gwada tsarin da wuri. Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafi a ƙauyuka 96 na jihar Tahoua a 2010, kimanin jika 22 na sefa kowane wata, har wata biyar, akasari ga mata. Wasu sun karɓa hannu da hannu, wasu ta Zap, tsarin kamfanin Zain da ya koma Airtel.

Binciken da Jenny Aker, wadda a lokacin take jami'ar Tufts a Amurka, ta jagoranta ya gano cewa gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun fi samun ci. Matan sun rage ɓata lokaci wajen tafiya da jiran layi, sannan kuɗin sun iso musu a asirce, abin da ya ƙara musu ta cewa kan cefane.

A yau akwai Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash, amma jama'a da dama sun fi sabawa da ofisoshin NITA, Al Izza da Amana. Inda sabis ke ɗaukewa, wakili ya yi nisa ko kuɗi suka ƙare masa, abin da ke cikin waya ba ya sayen tiyar gero.

Don haka kafin ka tura, tambayi wane wakili ne ya fi kusa da gida, da sunan wa aka yi rajistar layin, kuma wa ke riƙe da lambar sirri. Idan tsohuwa ba ta karatu, mai riƙe da lambar shi ke riƙe da kuɗin.