Yadda ake gane sheƙa da ƙwan tsuntsayen gal a gaɓar tekun Birtaniya

Daga ƙarshen watan Afrilu zuwa watan Yuni na kowace shekara, duwatsu da tsibirai da fadamun da ke gaɓar tekun Birtaniya kan cika da sheƙunan wasu fararen tsuntsaye masu yawan kuka, waɗanda Turawan Ingila ke kira gal.

Ga baƙon ido duk ɗaya suke, to amma jinsinsu daban-daban ne, kuma wasu daga cikinsu na raguwa. Wannan ne ya sa gane ko wane ne mai sheƙa ya zama muhimmin aiki ga masu ƙidayar tsuntsaye da jami'an kare muhalli.

Kama da wane ba ta wane

Matsalar farko ita ce ƙwan ya yi kama da juna. Akasarin jinsunan kan saka ƙwai uku ne, launinsu tsakanin kore-kore da ruwan ƙasa, da dabbare-dabbaren baƙi. Wannan launi kan saje da tsakuwa da busasshiyar ciyawa, ta yadda mutum zai iya taka ƙwan bai gani ba.

Girman ƙwan yakan ɗan taimaka. Na gal mai baƙin kai shi ne ƙarami, tsawonsa ya ɗan haura santimita 5. Na gal mai tokar baya yakan kai kimanin santimita 7, wato ya fi na kaza girma. Na babban gal mai baƙin baya, wanda ya fi kowane gal girma a duniya, yakan kusa santimita 8.

To sai dai ƙwan mai tokar baya da na ƙaramin gal mai baƙin baya kusan girmansu da launinsu ɗaya ne, kuma sau da yawa jinsunan biyu kan yi sheƙa a wuri guda. Ko ƙwararru ba sa dogara da ƙwan kaɗai wajen raba su.

Wurin da aka yi sheƙa

Don haka masana kan fara duba inda sheƙar take. Gal mai tokar baya yakan tara ciyawa da ganyen teku a kan dutse, ko tudun yashi, ko kuma rufin gida a cikin gari. Ƙaramin mai baƙin baya ya fi son shimfiɗaɗɗen wuri mai doguwar ciyawa, yayin da babban kan zaɓi ƙololuwar dutse, sau da yawa shi kaɗai, inda zai riƙa hangen ko'ina.

Masu baƙin kai kuwa cunkushewa suke yi dubbai a fadamu da bakin tafkuna. Akwai kuma jinsin da ake kira kitiwek, wanda ke manna sheƙarsa ta laka da ganyen teku a ƴar siririyar gaɓar dutse mai tsayi, kuma yawanci ƙwai biyu yake sakawa. Wasu daga cikinsu sun mayar da gadar Tyne da ke birnin Newcastle gidansu.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce iyayen kansu. Mai tokar baya ƙafafunsa ruwan hoda ne, ƙaramin mai baƙin baya kuma nasa ruwan ɗorawa. Saboda haka masu ƙidaya kan tsaya daga nesa da madubin hangen nesa, su jira su ga wanda zai dawo ya yi kwanci, tun da macen da namijin karɓa-karɓa suke yi har kimanin makonni huɗu.

Dalilin tsayawa nesa

Idan mutum ya matso, iyayen kan tashi su bar ƙwan a fili, inda zai iya yin sanyi, ko hankaka da sauran tsuntsayen gal su fasa shi su sha.

Wani masani ɗan asalin ƙasar Holand, Niko Tinbergen, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 1973, ya nuna irin muhimmancin wannan ɓuya. A binciken da ya yi a Ravenglass da ke arewa maso yammacin Ingila, ya lura cewa gal mai baƙin kai kan ɗauke ɓawon ƙwai ya jefar can nesa bayan ƙyanƙyasa, domin farin cikin ɓawon na nuna wa hankaki inda sheƙar take.

Doka da kasuwa

Dokar kare namun daji ta shekarar 1981 ta haramta ɗaukar ƙwan tsuntsayen daji, ko rusa sheƙar da ake amfani da ita, ba tare da izini ba. Hukuncin kan kai ɗaurin watanni shida ko tara.

An daɗe ana cin ƙwan gal mai baƙin kai a manyan gidajen abinci na London, inda yake da tsada, kuma mutane ƙalilan ne hukuma ta riƙa ba izinin ɗibarsa. Hatsarin shi ne wani jinsin da ba shi da yawa a ƙasar, mai suna gal na Bahar Rum, yakan yi sheƙa a tsakiyar masu baƙin kai, ƙwansa kuma ya yi kama da nasu. Ɓarayin ƙwai da ke shiga da dare ba sa bambancewa.

A shekarar 2009 ne aka sanya gal mai tokar baya cikin jerin tsuntsayen da aka fi fargabar raguwarsu a Birtaniya, sannan babban mai baƙin baya ya bi sahu a 2024. Murar tsuntsaye ma ta hallaka dubban masu baƙin kai a 2023.

Lamarin dai bai tsaya a Turai ba, domin wasu daga cikin ƙananan masu baƙin baya da ake ƙyanƙyashewa a Birtaniya kan yi ƙaura lokacin hunturu zuwa Maroko, har ma da gaɓar tekun Muritaniya da Senegal, kafin su koma gida su yi sheƙa.